Muryar da Ke Bayan Danga

Ranar kasuwar Tasawa da ta wuce na tsaya gaban teburin wani saurayi mai sayar da kayan salula. Malaminmu na yaƙi da jahilci ne ya zuba mana karatu a cikin salula, ya ce kowa ya nemi abin sawa a kunne ya riƙa bita a gida. Saurayin ya miƙo mini guda biyu. Ya ce, "Baba, wanga shi ne mai daɗi, in ka sa shi har cikin ƙirjinka za ka ji ganga. Wanga kuwa ba ya ƙawata murya, amma ko sauro ya gitta bayan mai magana sai ka ji shi. Wanne za a ƙunsa maka?" Na riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, na yi ta juya su, har ya fara rage mini kuɗi ban taya ba. Ba tsada ce ta tsayar da ni ba. An taɓa ba ni wannan zaɓin ina saurayi kamarsa, kuma na zaɓa.

Garinmu yana can gefen Korgom, kuma yanzu ba ya jiyuwa. Tun da sassafe injin niƙa ke ruri, babura na keta gari, mai amalanken jaki ma sai da waƙa a aljihu yake tafiya. Samari na zaune su biyar a gindin bishiya, kowa da igiya a kunnensa yana gyaɗa kai shi kaɗai, in ka yi musu sallama sai ka maimaita. A da ba haka ba ne. A da mutum yana kwance a ɗakinsa ya san wa ke daka a wane gida, don kowace mace da irin saukar taɓaryarta. Ka san gidan da 'yan mata uku ke lugude, ka san tsohuwar da ke hutawa bayan bugu goma. Ka ji igiyar guga tana kuka a kan itacen bakin rijiya, daga tsawon kukan ka gane inda ruwa ya sauka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in yana gona da hantsi yakan dogara da hauyarsa ya karkata kai wajen gari, yana ƙirga turame da kunne. In sun cika yadda ya saba, sai ya tofa yawu a tafinsa ya ci gaba da noma. Ban taɓa tambayarsa abin da zai yi ba in ba su cika ba. Ya riga mu gidan gaskiya kafin shekarar da ta ba ni amsa.

Shekarar nan ruwa sau biyu ya sauka ya ɗauke. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya, ya yi fari, iska ta riƙa kaɗa shi yana ƙara kamar busasshiyar kaba. Turame suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya, daga gabashin gari aka faro. Jakuna suka daina kuka. Zakaru aka sayar ko aka yanka, har asuba ta koma zuwa ba mai shelarta sai ladan, shi ma muryarsa ta sirance. Mata suka koma jeji tsinkar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗacin, a shanya, a niƙa da dusa. Ƙara ɗaya ce ta ƙaru a garin, ƙarar dagi a bayan gari wajen maƙabarta.

Kuma zamanin soja ne. Rediyo kullum yana cewa an shawo kan lamarin, taimako na kan hanya, kowa ya kwantar da hankalinsa. Jar dawa takan zo jifa-jifa, a raba da tiya, ta ƙare kafin layi ya ƙare. Ba mai cewa komai. An san a wani gari wajen Mayahi an tafi da mutum saboda magana ɗaya da ya yi a wurin suna, an kuma san wanda ya kai maganar a akushi ɗaya suka ci ranar. Dattawa a ƙofar masallaci suka koyi hira iri guda: ruwa na Allah ne, gwamnati na ƙoƙari. In baƙo ya zauna kusa, ko wannan ma sai a rage ta.

Wana, ɗan farin Inna, yana arewa wajen haƙar ma'adinai yana leburanci. Ba shi da karatun lakwal, wato boko, mu ma haka, kuma mai rubuta wasiƙa in ka faɗa masa magana goma uku yake rubutawa, su ma da Faransanci. Don haka wana ya aiko da manyeto, akwatin ɗaukar magana, tare da kaset-kaset da wani abin sawa a kai mai soso, wanda muka raɗa wa suna kunnuwa. Ni ne auta, ni aka damƙa wa. Sai ya zama duk mai ɗa ko miji a arewa wurina yake zuwa. Mu shiga ɗakina, in rufe ƙyaure, in danna jan maɓalli, mutum ya gaida nasa ya faɗi abin da ke tafe da shi. In nannaɗe kaset a tsumma in kai wa direban kamyo, babbar motar da ke zuwa arewa, a Tasawa, in ya dawo ya kawo amsa.

Kunnuwan nan masu soso, ban taɓa jin abu mai daɗinsu ba, har yau. Suna rufe kunne ruf kamar tafin hannun uwa. Murya in ta shiga cikinsu sai ta yi kauri ta yi ɗumi, tsoho ya koma magidanci, mai jin yunwa ya zama kamar yanzu ya tashi daga gaban akushi. Ranar da amsa ta zo, mata kan jeru a ƙofar ɗakina, in ɗora wa wannan a kan kallabi, ta ji mijinta, ta cire ta miƙa wa ta bayanta tana cewa, "Wallahi ya yi ƙiba, daga murya na ji." Akwai kuma kaset ɗin wani mai garaya da wana ya haɗo da shi. In na sa su na rufe ido, sai in ji kamar a cikin ƙoƙon garayar nake zaune, in manta cikina babu komai tun jiya.

Wata rana manyeton ya cinye zaren kaset, na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Tasawa, mai tabarau ɗaure da tsumma. Ya gyara. Sannan ya ɗauki kunnuwana ya sa, ya saurara kaɗan, ya cire ya ajiye su nesa da shi.

"Waɗanga maroƙa ne," in ji shi. "Abin da kake so ka ji, shi suke gaya maka."

Ya jawo wasu daga ƙarƙashin tebur, baƙaƙe, na ƙarfe, ba soso, irin na tsofaffin ma'aikatan gidan waya. Na sa, suka matse mini kai kamar awartaki. Muryar da ke kaset ta fito siririya, busasshiya, ba armashi ko kaɗan. Amma na ji mai maganar yana haɗiye yawu. Na ji ƙuda ya wuce. Na ji wata mata a gida na biyu tana kiran ɗiyarta.

"Baba, ai waɗanga ba su da daɗi."

"Daɗi ka zo nema? Kai hwa bakin mutane kake ɗauka kana sawa a mota. Tsakanin nan da arewa shinge nawa ne? A kowane shinge akwai mai kaki da ba shi da aiki sai sauraro. Kowane kaset, kahin ya bar hannunka, ka ji shi da waɗanga tun daga kai har wutsiya. Kuma ba mai magana za ka saurara ba, shi ya san abin da ya ce. Bayansa za ka saurara."

Na ba shi zabuwarmu ta ƙarshe, ya ba ni su. Na kuwa riƙe maganarsa. Har sau biyu na goge kaset na sake ɗauka, ɗaya saboda wata mai wucewa ta bayan ɗaki tana tsine wa mai rabon dawa.

Wanda ya fi yi mini dariya a kan wannan shi ne Kawu, ƙanen Inna. Gidansa na jingine da namu, dangar kara ɗaya ta raba mu. Mahaƙin rijiya ne, gajere mai faɗin kafaɗa, bakinsa ba ya zama wuri ɗaya. In ya gan ni da ƙarfen a kai sai ya cire hula ya ce, "Ga matuƙin jirgin sama! Ranka ya daɗe, in za ka tashi ka ɗauke ni, ka sauke ni garin da ake tuwo." Manyeto kuwa akwatin gulma yake ce masa, kuma bai taɓa yarda ya yi magana a gabansa ba. "Bakina ni ma tsoronsa nike ji," in ji shi, "balle in sama masa abin hawa." A shekarar nan ba mai kiransa haƙar rijiya. Bayan gari ake kiransa haƙar kabari, kuma bai taɓa ƙi ba.

Kowane kaset da wana ya aiko, a ƙarshe sai ya ce, "Auta, har yanzu ban ji muryar tsohuwa ba." Ya san dalili, ni ma na sani. Shi ɗan fari ne. Inna ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ana jin kaset ɗinsa sai ta ba mu baya tana tsintar wani abu a faifai, ko da faifan babu komai. Yau uwa na riƙe salula ta kira ɗan farinta da sunansa na yanka tana yi masa kuka, ba mai cewa ta yi laifi, ni ma ban ce ba. Amma Inna, da ta shiga ɗakina ta zauna gaban akwati ta gaida wana, gara ta faɗa rijiya. Na roƙe ta har na gaji. Ta ce, "Wa zan gaida? Ni ban aiki kowa arewa ba."

Sai wata safiya, ana gobe kamyo zai tashi, ta durƙusa gaban dutsen niƙa a tsakar gida, ta zuba anza da dusa. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Auta, akwatin nan naka, in ka ajiye shi nan cikin inuwa ai ba zai lalace ba, ko?" Na gane. Na kawo shi na ajiye a gindin danga inda inuwa take, na danna jan maɓalli. Na fice can ƙofar gida na zauna, don na san muddin idona na wurin bakinta ba zai buɗe ba. Wannan ne karo na farko da na ɗauki magana a fili, ba ƙyaure a rufe, kuma ba na kusa.

Pil ɗina, batiran manyeton, sun kusa mutuwa. Na riga na shanya su a rana, na ciccije su, dabarun da muke yi ke nan don su ƙara numfashi, kuma a garinmu ba a sayarwa. Na san sauraro ɗaya ya rage mini. Da la'asar na ɗauki manyeto da kunnuwan biyu na tafi gindin gawon gonarmu, na zauna a tsakiyar mataccen gero. Na sa na ƙarfen kamar yadda na saba, na danna.

Dutse, dutse, ci abin da na ba ka,
wanda ya tahi arewa ban tambaye shi ba,
in rana ta yi zahi ya nemi inuwa,
ni dai da dutse nike magana.

Amma ba waƙar ce ta fara shiga kunnena ba. Numfashinta ne. Ƙarfen nan bai ɓoye mini komai ba. Tana jan iska kamar mai hawan tudu da kaya, tana yanke baiti a tsakiya ta huta. Ɗan dutsen yana tafiya yana tsayawa, kuma ƙararsa ba ta hatsi ba ce, ƙarar dutse a kan dutse ce. A gida kullum takan tura mini ƙwarya ta ce ita ta ci a maƙwabta. A cikin ƙarfen nan na ji ba ta ci ba. Na ji ta daɗe ba ta ci ba. Ban kai ƙarshen baiti na biyu ba na fizge su daga kaina na jefar a ƙasa.

Na dubi masu soson. Na ce a raina, Inna ce kawai da dutsenta, me dutse zai ce a kan gwamnati? Na sa su. Sai ga Innata ta da ta dawo. Muryar cike, lafiyayya, dutsen yana gurnani kamar an zuba masa sabon gero, kamar shekarar da rumbunanmu uku suka cika har muka ɗora dami a kan rufin ɗaki. Can ƙasa akwai wani gunaguni, kamar kurciya ko iska a jikin kara. Soson ya haɗiye shi, ni ma ban bi shi ba. Na rufe ido na saurara har pil suka mutu a kan muryarta, ta yi nauyi, ta ja, ta tsaya. Na yi kuka, na ji sanyi a raina, na nannaɗe kaset a tsumma. Washegari na kai shi Tasawa da ƙafa.

Direban bai dawo ranar da ya saba ba. Mako ya zagayo, shiru. Sai wani ɗan kasuwa daga Maijirgi ya ce ya ji an sauke shi a wani shinge tare da jakar saƙonni. Na shiga ƙirga kaset-kaset ɗin da ke jakar nan. Duka na ji su da ƙarfe daga kai har wutsiya, sai ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Na riƙa maimaita wa kaina, Inna ce da dutsenta. Amma gunagunin nan da soso ya haɗiye ya dawo mini, ina alwala ina jinsa, ina tafiya rijiya ina jinsa. Na tuna a shekarar nan babu sauran kurciya a garinmu, yara sun harbe su tun farkon rani.

Da hantsi motar ta zo. A gari mai shiru irin namu tun tana nesa muka ji ta, tana nishi cikin rairayi, tana ɓacewa tana dawowa, tsawon abin da za a dafa shayi. Ba wanda ya gudu, ina za a je? Masu kaki huɗu suka sauko a ƙofar mai gari, aka ce duk namiji baligi ya fito. Babbansu siriri ne mai tsabta, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ya sa aka ɗora wani babban manyeto a kan hancin mota, ya danna.

Muryar Inna ta fito a gaban mazan gari duka. Waƙar da ta ɓoye ko ga ni da ta haifa, ga ta tana yawo a ƙofar mai gari. Dattawa suka sunkuyar da kai, don kowa ya gane da wa take. Mata na leƙe ta kan danga, na hango Inna a cikinsu ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Waƙa mai daɗi," in ji babban. "Wa ya ɗauka?"

Na fito.

"Bon. Zo ka ji aikinka."

Ya ɗora mini nasa kunnuwan, baƙaƙe, masu matse kai, 'yan uwan waɗanda na jefar a gindin gawo. Ya mayar da zare baya kaɗan. Ga numfashin Inna, ga dutse. Ga kuma, a bayan danga, sarai kamar a kafaɗata yake tsaye, Kawu ya jefar da dagi ƙasa yana gaya wa wani:

"Su yi ta cewa a rediyo babu yunwa. Jiya uku na haƙa, yau biyu, babu wanda ya kai tsawon hannuna. Mai taurari a kahwaɗa ya zo ya riƙe mini kwando in haƙa, ya ƙirga da kansa."

Babban ya zare kunnuwan daga kaina a hankali.

"Muryar wa?"

"Ranka ya daɗe, ban gane ta ba."

"Ba ka gane ba." Ya dubi taron. "Akwai mai taimaka masa?"

Ba wanda ya motsa.

"To, ba laifi. Mai waƙar ta fi kowa kusa da dangar, ita ta ji. A kawo ta, za ta tuna a buro, can ofishinmu."

Biyu daga cikinsu suka nufi wajen mata. Ba su yi taku biyar ba.

"Kai, ku bar tsohuwa da dutsenta." Kawu ne ya fito daga baya yana kaɗe riga. "Muryata ce. Duk garin nan wa ke da murya mai muni haka in ba ni ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Da zai hau mota ya waiwayo ya dube ni. "Matuƙi, jirgi na roƙa, ka samo mini mota. Allah dai ya sa can ana tuwo. Ka ce wa Innarka ta ajiye mini dagina." Suka haɗa da manyetona da duk kaset ɗin da ke ɗakina. Mun daɗe muna jin motar tana tafiya, kamar yadda muka daɗe muna jin zuwanta, kuma ba wanda ya bar wurin sai da ta ɓace gaba ɗaya.

Inna ba ta ce mini komai ba, ranar nan ko bayanta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ci gaba da tura mini ƙwarya, ta ci gaba da durƙusawa gaban dutse, amma daga ranar dutse kaɗai ake ji. Mutane suka daina zuwa ɗakina, in na nufo wurin zama hira ta koma ta ruwan sama. Dagin Kawu bai zauna a ajiye ba, don bayan gari bai daina kira ba. Ni na ɗauka. A nan na gane bai ƙara komai a kan ƙidayarsa ba. Sau ɗaya na bi ta gaban mai gyaran rediyo. Labari ya riga ni isa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Da wanne ka ji shi?" Ya mayar da kansa kan aikinsa.

Damina ta gaba ruwa ya sauka. Gero ya yi, turame suka dawo, ko da yake da mahaifina na nan da ya ji ba su cika ba. Bayan girbi Kawu ya shigo gari da ƙafa ta hanyar Baudeta, a rame, kafaɗun nan sun zube, kansa a karkace gefe ɗaya. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Bai taɓa faɗin abin da aka yi masa ba, ba a kuma tambaye shi ba. Bakin nan da ba ya zama wuri ɗaya ya zauna.

Na yi kwanaki ina kewaya shi. Wata safiya na same shi yana gyaran dangar nan da ta raba gidajenmu, yana cire ruɓaɓɓen kara yana sa sabo. Na durƙusa ta damansa, wajen kunnen da ke ji.

"Kawu, akwai maganar da nike ɗauke da ita. Ranar nan kunnuwa biyu gare ni."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya miƙe, ya zagaya ni a hankali, ya sake zama ya ba ni hagunsa.

"To, hwaɗi."

Na faɗa. Tun daga mai gyaran rediyo har gindin gawo, da numfashin Inna, da yadda na jefar da ƙarfe na ɗauki soso, duka na zuba su cikin mataccen kunnen nan, shi kuwa yana ta ɗaurin kara. Da ya ga bakina ya tsaya sai ya juyo.

"Ka gama? Miƙo mini igiya."

Na miƙa masa. Ya ja ƙulli da haƙori, ya matso da kunnen dama.

"Waƙar dai ta yi daɗi?"

"Ta yi, Kawu."

"Shi na arewa ya ji ta?"

"Bai ji ba."

Ya dubi dutsen niƙa ta tsakanin kara. Sannan ya ce, "Wannan ita ce hasarar." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Wana kuwa, da ya dawo gida bayan shekaru, Inna ta ba shi baya tana tsintar faifai kamar kullum, kuma bai taɓa jin waƙar ba.

Saurayin kasuwa ya gaji da jirana. "Baba, kasuwa na ci. Wanne?" Na ce ya ƙunsa mini mai jin sauro. Ya ce abin mamaki, dattawa mai daɗin suka fi ɗauka.

Da na dawo gida ban fara da karatun malam ba. Ɗana na fari yana can ƙetaren hamada, yana aiko da saƙon murya a salula. Uwarsa takan kunna a tsakar gida kowa ya ji, kullum lafiya lau, aiki na tafiya, a gaida kowa da kowa. Na shiga ɗaki na sa sabon abin a kunne, na kunna saƙonsa na makon jiya. Ban saurari abin da yake cewa ba, shi ya san abin da ya ce. A bayansa babu mota, babu kasuwa, babu ƙarar aiki. Numfashin mutane da yawa ne a ɗaki ɗaya, suna ƙoƙari kada a ji su. Sai ƙarar ƙarfe sau ɗaya, irin ta sakatar da ake kullewa daga waje. Hannuna ya tafi kunne da kansa zai cire, na riƙe shi.

Uwarsa ta leƙo. "Malam, mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce yana lahiya. Ki zauna nan tukuna."

Na mayar da saƙon tun daga farko. Wannan karon sai da na ji shi har wutsiya.